Hoton ƙwaƙwalwa ɗaya, kwamfuta biyu, sakamako dabam-dabam

Fiye da shekaru goma ke nan masana kimiyyar ƙwaƙwalwar ɗan Adam ke fama da wata matsalar da ba kasafai ake jin labarinta a kafofin yaɗa labarai ba. Matsalar kuwa ita ce, idan aka ba wa kwamfutoci biyu hoton kan mutum guda domin su auna shi da manhaja iri ɗaya, ba lalle ba ne su kawo amsa ɗaya.

A cikin watan Yunin shekara ta 2012 ne wasu masu bincike a Jami'ar Maastricht ta ƙasar Holand, a ƙarƙashin jagorancin Ed Gronenschild, suka wallafa sakamakon wani gwaji a mujallar kimiyya ta PLoS ONE. Gwajin dai mai sauƙi ne. Sun ɗauko hotunan ƙwaƙwalwar mutane 30 waɗanda aka riga aka ɗauka da na'urar MRI, suka sa manhajar FreeSurfer ta auna girman sassan kowace ƙwaƙwalwa da kaurin ɓawon da ya lulluɓe ta. Daga nan suka maimaita awon sau da dama ba tare da sun sake ɗaukar hoton kowa ba. Abubuwa uku kawai suka riƙa sauyawa, wato zubin manhajar ta FreeSurfer, da nau'in kwamfutar, tsakanin Macintosh na kamfanin Apple da ta kamfanin Hewlett-Packard, da kuma zubin babbar manhajar da ke tafiyar da ita Macintosh ɗin, daga 10.5 zuwa 10.6.

A bisa hankali dai bai kamata a ga wani bambanci ba, tun da yake hoton bai canza ba kuma mai hoton bai ƙara ko kwana ɗaya ba. Amma da aka kwatanta zubi na 5.0.0 da zubi biyu da suka gabace shi, sai aka tarar girman sassan ƙwaƙwalwar ya bambanta da matsakaicin kashi 8.8 cikin 100, a wani sashen ma bambancin ya kai kashi 64. Kaurin ɓawon kuwa ya bambanta da matsakaicin kashi 2.8 cikin 100. Sauya nau'in kwamfuta kawai, ko sabunta babbar manhajar kawai, ya haifar da bambancin da ya kai kimanin rabin wannan.

Ana iya fahimtar bambancin da ke tsakanin tsohon zubi da sabo, domin kuwa masu rubuta manhaja kan sauya dabarun aikinta da gangan a ƙoƙarinsu na kyautata ta, kuma masu FreeSurfer sun daɗe suna gargaɗin kada a gauraya zubi biyu a cikin bincike ɗaya. Abin da ya fi ɗaure wa masana kai shi ne ɗaya rabin labarin: manhaja ɗaya, zubi ɗaya, hoto ɗaya, amma amsa ta sauya don kawai an ɗauke aikin daga wannan tebur zuwa wancan.

Yadda hoto ke zama alƙaluma

Domin a gane inda gizo ke saƙar, wajibi ne a san cewar hoton ƙwaƙwalwa mai launuka da ake gani a jaridu ba hoto ba ne irin wanda kyamara ke ɗauka. Na'urar MRI tana amfani da maganaɗisu mai ƙarfi da igiyoyin rediyo ne wajen tattara sigina daga ruwan da ke jikin mutum, sa'an nan kwamfuta ta jera siginar a cikin ƙananan gurabu masu siffar ɗan dunƙulen sukari, kowanne mai faɗin milimita guda ko makamancin haka. A tsarin da FreeSurfer ke aiki da shi, kai guda ya ƙunshi irin waɗannan gurabu fiye da miliyan 16, kuma kowane gurbi lamba ce kawai da ke nuna yawan haske ko duhunsa.

Daga waɗannan lambobi ne manhaja za ta fitar da abin da mai bincike ke nema. Sai ta fara gyara rashin daidaiton hasken hoton, ta ware ƙoƙon kai da fata, ta juya ƙwaƙwalwar ta ɗora ta a kan wani ma'auni na bai ɗaya domin a iya kwatanta mutum da mutum, ta yanke hukunci a kan kowane gurbi ko farin nama ne ko toka-toka ko ruwa, kana ta zana iyakar kowane sashe ta auna shi. Aikin kan ɗauki sa'o'i da dama a kan kai guda, kuma kowane mataki yana cin abin da matakin baya ya miƙo masa ne. Ɓawon da ake son aunawa kuwa matsakaicin kaurinsa bai wuce milimita biyu da rabi ba, wato gurbi biyu zuwa uku ke nan. Saboda haka idan iyaka ta goce da rabin gurbi, to awon ya goce da kaso mai tsoka.

Manhajojin da ke wannan aiki ba su da yawa, kuma jami'o'i da cibiyoyin bincike ne ke rubuta su suna rabawa masu bincike kyauta. FreeSurfer ta fito ne daga cibiyar Martinos ta babban asibitin Massachusetts da ke Boston a Amurka, FSL daga Jami'ar Oxford, SPM daga Landan, AFNI kuma tana hannun cibiyoyin binciken lafiya na gwamnatin Amurka. Dubban binciken da aka wallafa a kan cutar mantuwa da farfaɗiya da taɓin hankali da girman ƙwaƙwalwar yara sun bi ta cikin ɗaya daga cikinsu.

Masu binciken na Maastricht sun nuna cewar akwai bambanci, amma ba su tono asalinsa ba. Wannan aiki sai a shekara ta 2015 aka yi shi, lokacin da Tristan Glatard da abokan aikinsa, akasarinsu daga birnin Montreal na Kanada da kuma Faransa, suka wallafa nasu binciken a mujallar Frontiers in Neuroinformatics. Sun gwada FSL da FreeSurfer da wata manhajar mai suna CIVET a kan nau'o'i dabam-dabam na babbar manhajar Linux, cikinsu har da CentOS da Fedora, suna bin sawun kowane kira da manhajar awon ke yi wa babbar manhajar, har suka gano daidai wurin da amsoshin suka fara rabuwa.

Wurin kuwa shi ne kundin lissafi. Manhajar awon ƙwaƙwalwa ba ta yin kowane lissafi da kanta. Idan tana bukatar irin lissafin nan na kusurwa da ɗaliban sakandare suka sani da sayin da kosayin, sai ta nemi babbar manhajar kwamfutar ta yi mata, ita kuma ta buɗe wani kundi na dabarun lissafi ta fitar da amsa. Masu kula da wannan kundi suna ci gaba da gyara shi shekara bayan shekara domin ya ƙara sauri ko daidaito. Tsohon kundi da sabo suna iya ba da amsoshin da suka yi daidai a lambobi shida na farko, su saɓa a ta bakwai. Babu wanda zai kira ɗayansu kuskure, tun da dukansu ƙiyasi ne na lambar da ba ta da ƙarshe.

Wutsiyar da ake datsewa

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, kwamfuta, wadda a Hausar rediyo ake yi wa kirari da na'ura mai ƙwaƙwalwa, ba ta iya riƙe akasarin lambobi masu ɗigo daidai-wa-daida. Kamar yadda mai raba ɗaya gida uku zai yi ta rubuta 0.3333 har takarda ta ƙare ba tare da ya gama ba, haka ita ma kwamfuta, da yake da sifiri da ɗaya kaɗai take ƙirga, ba ta iya rubuta kashi ɗaya cikin goma har ƙarshe. Dole ta datse wutsiyar a wani wuri. A ƙa'idar da masana'antun kwamfuta suka amince da ita tun shekara ta 1985, akwai ƙaramin ma'auni da ke riƙe kimanin lambobi 7, da babba mai riƙe 15 zuwa 16. Glatard da abokan aikinsa sun tarar cewar manhajojin awon ƙwaƙwalwa suna yawan amfani da ƙaramin, wanda ya fi sauri kuma bai cin wuri, abin da ke da muhimmanci ainun a zamanin da aka fara rubuta su.

Akwai wani abin da ya faru a ƙasar Saudiyya da malaman lissafin kwamfuta ke yawan kafa hujja da shi a kan haɗarin wannan datsewa. A ranar 25 ga watan Fabrairun 1991, lokacin yaƙin Tekun Fasha, wani makami mai linzami samfurin Scud da Iraƙi ta harba ya faɗa kan barikin sojojin Amurka a Dahran ya kashe 28 daga cikinsu, alhali akwai na'urar kariya ta Patriot a wurin. Binciken da hukumomin Amurka suka yi daga baya ya nuna cewar agogon na'urar yana ƙirga lokaci ne da kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, yana datse wutsiyar lambar a kowane ƙirge. Bayan kimanin sa'o'i 100 tana aiki ba a kashe ta ba, ɗan kuskuren ya taru ya kai sulusin daƙiƙa, wanda ya isa makamin ya yi tafiyar fiye da rabin kilomita. Na'urar ta nemi makamin a inda ba ya nan. Da yayyafi kogi kan cika, in ji masu iya magana.

A awon ƙwaƙwalwa ma haka abin yake, sai dai a nan kuskuren ba taruwa kawai yake yi ba, kumbura yake yi. Misali, wajen ɗora ƙwaƙwalwar mutum a kan ma'aunin bai ɗaya, manhajar ba ta san amsa tun farko ba. Takan ɗan juya hoton, ta duba ko ya fi dacewa, ta sake matsar da shi, ta sake dubawa, har sai ta kai inda ƙarin motsi ba ya ƙara dacewa, sa'an nan ta tsaya. Tamkar mutum ne da ke gangarowa daga tudu cikin duhu yana lalube da ƙafa, a ƙasar da ke da kwazazzabai da yawa. Idan takunsa na farko ya karkata da faɗin gashi guda, yana iya ƙarewa a wani kwarin dabam, kuma a can ma zai ɗauka ya kai ƙasa. Sa'an nan ga matakan yanke hukunci. Gurbin da lissafinsa ya faɗo daidai kan iyaka tsakanin farin nama da toka-toka, ƙarin da bai kai kashi ɗaya cikin miliyan ba ya isa ya tura shi wannan gefe ko wancan, daga nan kuma duk matakan gaba za su ɗauke shi a haka.

Abin da binciken na 2015 ya gano ya yi daidai da wannan bayani. A gajerun ayyuka, kamar ware ƙwaƙwalwa daga ƙoƙon kai, bambancin bai taka kara ya karya ba. A dogayen ayyuka ne ya bayyana. Wajen zana iyakokin sassan da ke can cikin tsakiyar ƙwaƙwalwa da FSL, masanan sun yi amfani da wani ma'auni wanda lamba 1 ke nufin zane biyu sun hau kan juna cif. Akasarin zanen sun haura 0.9, amma an sami waɗanda suka faɗi har zuwa 0.59. A wani nau'in nazarin hoton da ke nuna aikin ƙwaƙwalwa, wato fMRI, sakamakon ya saɓa tsakanin kwamfutocin a kashi ɗaya cikin uku na mutanen da aka gwada, kuma asalin saɓanin shi ne matakin da ke gyara ɗan motsin da kan mutum ke yi yana kwance a cikin na'ura.

Wa abin ya shafa?

Ga majinyacin da likita ya tura a ɗauki hoton kansa saboda shanyewar ɓarin jiki ko zubar jini ko ƙari, wannan batu bai shafe shi kai tsaye ba. Ƙwararren likitan hoto da idonsa yake duba irin waɗannan hotuna, kuma ƙari ba ya ɓacewa don an sauya kwamfuta. Su kansu manhajojin da ake magana a kansu an yi su ne domin bincike, ba domin yanke hukunci a kan majinyaci ba.

Inda abin ke da haɗari shi ne wurin da ake neman ƙaramin canji. Akwai wani sashe a ƙwaƙwalwa mai suna hifokamfus, wanda ke da hannu wajen adana abubuwan da mutum ke tunawa. A masu cutar mantuwa ta Alzheimer sashen kan ragu da kimanin kashi 4 zuwa 5 cikin 100 a shekara, a tsofaffi masu lafiya kuwa da kashi 1 zuwa 2. Tazarar da ke tsakanin lafiya da cuta ke nan 'yan kashi ƙalilan ce, kuma masu binciken Maastricht da kansu sun yi nuni da cewar bambancin da suka gani ya yi kusa da girman abin da ake ba da rahotonsa a binciken cututtukan da ke cinye ƙwaƙwalwa. Idan aka auna dattijo a bana da wata kwamfuta, aka sake auna shi bayan shekara biyu da sabuwa, mai binciken ba zai iya rantsuwa cewar raguwar da ya gani daga kan dattijon take ba.

Sai dai kuma ya kamata a yi adalci, domin ba kowane bincike ne wannan matsala ke rusawa ba. Idan aka auna marasa lafiya da masu lafiya gaba ɗaya a kwamfuta ɗaya da zubi ɗaya, duk karkatar da na'urar ke da ita takan hau kan rukunonin biyu ne, kuma kwatancin da ke tsakaninsu kan tsaya da ƙafarsa. A kan wannan tunani ne gamayyar masana ta ENIGMA, wadda aka kafa a shekara ta 2009, ta gina yawancin aikinta: kowace cibiya a ƙasashe da dama takan auna mutanenta a gida da ƙa'idoji iri ɗaya, a fitar da bambancin rukunoni a can, sa'an nan a haɗa sakamakon. Ɓarnar takan zo ne a lokacin da karkatar ta bi layin tambayar da ake yi, kamar a ce an auna marasa lafiya a bara da tsohuwar kwamfuta, aka auna masu lafiya a bana bayan ma'aikacin sashen fasaha ya sabunta babbar manhaja a wani ƙarshen mako ba tare da ya sanar da kowa ba. Binciken da ke ɗaukar shekaru biyar ko goma kuwa da wuya ya ƙare a kan kwamfutar da ya fara.

Na'ura da mai na'ura

Ko da yake wannan batu na da muhimmanci, ba shi ne mafi girman abin da ke sa sakamakon nazarin ƙwaƙwalwa saɓawa ba. A shekara ta 2016 Anders Eklund da Hans Knutsson na Jami'ar Linköping ta Suwidin tare da Thomas Nichols na Ingila suka ɗauki hotunan mutane 499 masu lafiya da ke kwance ba sa yin komai, suka riƙa raba su rukuni-rukuni ba bisa wani dalili ba, suna tambayar manhajojin SPM da FSL da AFNI ko akwai bambanci. An yi irin wannan gwaji kusan sau miliyan 3. A ƙa'ida bai kamata a ga bambancin ƙarya fiye da kashi 5 cikin 100 ba, amma a wasu tsare-tsaren ya kai kashi 70. Sun kuma gano wani kuskure da ya shekara 15 a cikin wani ɓangare na AFNI, wanda aka gyara a 2015. Jaridu a lokacin sun yi ta yayata cewar bincike 40,000 sun rushe, lamarin da ya sa marubutan suka gyara kalamansu, Nichols kuma ya ƙiyasta cewar waɗanda abin ya fi shafa sun kai kimanin 3,500. Adadi ne mai yawa, amma bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da aka yayata ba.

A shekara ta 2020 kuma mujallar Nature ta wallafa wani gwajin da ya fi wannan tayar da ƙura. An ɗauki hotunan mutane 108 a Jami'ar Tel Aviv suna yanke shawara a kan riba da hasarar kuɗi, aka raba wa rukunonin masana 70 a sassan duniya, aka ba su tambayoyi 9 iri ɗaya. Babu rukunoni biyu da suka bi hanya ɗaya tun daga farko har ƙarshe. A tambaya guda kashi 84 cikin 100 sun ce e, a tambayoyi uku kusan duka sun ce a'a, amma a sauran biyar waɗanda suka ce e sun kama daga kashi 21 zuwa 37. Abin da ya ɗan kwantar da hankali shi ne, da aka tattara taswirorin da rukunonin suka fitar aka haɗa su wuri ɗaya, an sami daidaito fiye da yadda amsoshin e da a'a suka nuna.

Idan aka ɗora waɗannan a kan sikeli, zaɓin ɗan Adam ya fi nau'in kwamfuta nauyi nesa ba kusa ba. Amma akwai wata fuska da matsalar kwamfutar ta fi muni. Zaɓin da mai bincike ya yi abu ne da zai iya rubutawa a rahotonsa, wani ya karanta ya ƙalubalance shi. Saɓanin da ke fitowa daga kundin lissafi kuwa babu wanda ya zaɓe shi, kuma tsawon shekaru ba a saba rubuta wace babbar manhaja aka yi aiki da ita ba. Wanda ya zo daga baya domin maimaita binciken, ya bi kowane mataki da aka rubuta bai sami amsa ɗaya ba, ba shi da hanyar sanin ko shi ne ya yi kuskure, ko na farkon, ko babu ɗayansu.

Maganin kwantena

Mafitar da ta fi karɓuwa a tsakanin masana ita ce abin da masu kwamfuta ke kira kwantena, kuma sunan ya dace da aikin. Kamar yadda ɗan kasuwa ke loda kayansa a kwantena a kulle, a sauke ta a kowace tashar ruwa ba tare da an taɓa abin da ke ciki ba, haka ake ɗaure manhajar awo tare da kundin lissafinta da duk abin da take dogaro da shi a ƙunshi guda, ta yadda ba za ta nemi komai daga kwamfutar da ta sauka a kai ba sai injin lissafi. Fasahar Docker da ta fito a 2013 ce ta yaɗa wannan dabara. A 2016 aka fitar da wata ƙa'ida mai suna BIDS domin kowa ya jera hotunansa da sunaye iri ɗaya. A 2024 kuma wasu masana da ke Jami'ar Queensland ta Ostareliya suka bayyana tsarin Neurodesk a mujallar Nature Methods, inda suka maimaita irin gwajin Glatard suka nuna cewar saɓanin da ake gani tsakanin kwamfutoci biyu ya kusan ɓacewa idan aka yi aikin a cikin kwantena.

To amma ko a nan ma da sauran rina a kaba. A cikin shekarar ta 2024 wani gwajin da aka gudanar a kan rumbun kwamfutocin bincike na Faransa ya nuna cewar ko an kulle manhaja a kwantena, nau'in injin lissafin da ke cikin kwamfutar, wato furosesa, yana iya sauya amsar matakin ɗora hoto a kan ma'auni, saboda sababbin injuna suna haɗa ninkawa da tarawa a taki ɗaya, su datse wutsiya sau ɗaya a inda tsofaffi ke datsewa sau biyu.

Akwai kuma wata tambayar da ta fi wannan zurfi, wadda kwantena ba ta amsa ba. Idan kwamfuta ta farko ta ce kaurin ɓawo milimita 2.4 ne, ta biyu ta ce 2.5, kulle aikin a kwantena zai sa kowa ya riƙa samun 2.4 har abada, amma bai tabbatar da cewar 2.4 ce gaskiya ba. An zaɓi ɗaya daga cikin amsoshin ne kawai aka daskarar da ita. Saɓanin da aka gani tun farko alama ce ta cewar hanyar awon ba ta da tsayayyar ƙafa a wannan wuri, kuma ɓoye alamar ba ya warkar da ciwon. Wannan ne ya sa Glatard da ɗalibansa, cikinsu har da Gregory Kiar, suka koma ga wata dabara ta dabam. Maimakon su kawar da ɗan kuskuren, sai su zuba shi da gangan a lambar ƙarshe ta kowane lissafi, su maimaita awon mutum guda sau da dama, su ga iyakar inda amsar ke kaiwa da komowa. Sashen da amsarsa ta tsaya cik ana iya dogara da shi, wanda kuma ke rawa sai a ba da rahotonsa tare da faɗin rawar. Dabarar tana cin lokaci da wutar lantarki, kuma har yanzu ba ta zama al'ada a yawancin ɗakunan bincike ba.

Ga ƙasashen Afirka ta Yamma, matsalar farko har yanzu ita ce samun na'urar kanta. Wani ƙidayar da Godwin Ogbole na Jami'ar Ibadan da abokan aikinsa suka wallafa a 2018 ta sami na'urorin MRI 84 ne kacal a yankin mai mutane fiye da miliyan 370 a lokacin, 58 daga cikinsu a Nijeriya, kuma mafi yawansu masu ƙaramin ƙarfin maganaɗisu ne. Duk da haka batun ya shafi masu bincike na yankin ta wata hanya, domin tarin hotunan ƙwaƙwalwa da cibiyoyin Turai da Amurka suka saka a intanet kyauta ne, manhajojin ma kyauta ne, kuma ɗalibin digiri na uku a Kano ko Zariya ko Yamai na iya sauke su ya yi nazari ba tare da ya taɓa ganin na'urar ba. Irin wannan ɗalibi ne ya fi fuskantar haɗarin fara aiki a kwamfutar sashe, ya ci gaba a tasa ta hannu idan wuta ta ɗauke, ya kammala a ta wani abokin aiki a ƙasar waje, kana ya kwatanta alƙalumansa da waɗanda wata cibiya ta wallafa shekaru da suka wuce da wani zubin dabam. Shawarar da masu binciken Maastricht suka bayar tun 2012 ta fi masa sauƙin bi fiye da duk sauran: kada a sauya zubin manhaja ko babbar manhaja ko nau'in kwamfuta a tsakiyar bincike, idan kuma sauyin ya zama dole, to a sake auna dukan hotunan tun daga na farko.